ADANA BARKONO A LOKACIN DA YA YI YAWA

Lacca domin Hakimai da Malamansu

Kowane Hakimi wanda ke da fadama ko madatsar ruwa a ƙasarsa ya san abin da kan faru a kasuwa tsakanin watan Janairu da na Maris. A wannan lokaci ne amfanin noman rani ya ke nuna gaba ɗaya. Tattasai da attarugu da barkono su kan cika kasuwa har a rasa masaya. Manomi ya kan kawo kwando goma da safe, da la'asar ya rabu da su a kan kuɗin da bai kai na taki da man injin ban-ruwa ba, domin ya sani in ya mayar da su gida ba za su kwana uku ba sai sun ruɓe. Bayan wata uku ko huɗu kuwa, da damina ta sauka, wannan kaya da aka zubar a bayan kasuwa shi ne ya ke tsada, har uwargida ta yi miyar gida duka da ƙwaya biyu. Manomin da ya yi hasara a Fabrairu shi ne kuma ya ke saye da tsada a Yuni.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana hanyoyi uku na adana barkono, watau shanya, da jiƙawa cikin ruwan tsami, da dafawa da sukari. Za a kuma nuna haɗarin da ke tattare da kowace hanya, domin Hakimai su san abin da za su hori talakawansu da shi, da abin da za su hana su.

Asalin barkono da dalilin ruɓewarsa

Ko da ya ke babu miyar Bahaushe wadda ba ta da yaji, barkono baƙo ne a ƙasar nan. Asalinsa daga Meziko da Amurka ta Kudu ya ke, inda mutane su ke shuka shi tun fiye da shekara 6,000. Bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 aka kai irinsa Turai, sa'an nan fataken jirgin ruwa na Fotugal suka yaɗa shi gaɓar Afirka da Indiya cikin ƙarni na 16. Ƙasa ta karɓe shi, har ya zama ana ganinsa kamar ɗan gida. Noman raninsa ya ƙaru ƙwarai tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, wadda ke shayar da gonakin Kadawa da Kura, da ta Bakolori a 1978. A Jamhuriyar Nijar kuma mutanen Diffa sun shahara da noman jan tattasai a bakin kogin Komadugu Yobe, su kan busar da shi su kawo kasuwannin Nijeriya.

Yajin barkono daga wani sinadari ya ke da a ke kira kafsaisin, kuma ya fi taruwa a farin jijiyar nan ta ciki wadda 'ya'ya ke manne da ita. A 1912 wani mai haɗa magani a Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙago ma'aunin yaji. Bisa wannan ma'auni tattasai yana can ƙasa, attarugu kuwa ya kan kama daga 100,000 zuwa 350,000. Kafsaisin ba ya narkewa cikin ruwa, shi ya sa wanda yaji ya kama ba ya samun sauƙi da ruwan randa, sai da nono ko mai. Ban da yaji, ɗanyen barkono yana ɗauke da bitamin C mai yawa. Daga jan tattasai na ƙasar Hangari ne Albert Szent-Györgyi ya tace wannan bitamin da yawa, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1937.

Dalilin saurin ruɓewarsa shi ne ruwa. Kusan kashi 9 cikin 10 na nauyin ɗanyen tattasai da attarugu ruwa ne, ƙwayoyin cuta da fumfuna kuwa ba su rayuwa sai da ruwa. To, duk dabarar adana abinci a kan wannan ta dogara. Mai shanya yana fitar da ruwan ne. Mai jiƙawa yana sa tsamin da ƙwayoyin cuta ba su iya zama cikinsa. Mai dafawa da sukari kuwa yana sa sukari ya riƙe ruwan, har ƙwayoyin su rasa abin sha. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin kowace ƙa'ida da za a ambata nan gaba.

Hanya ta fari: shanya

Shanya ita ce hanyar iyaye da kakanni, ita ce ta fi araha, ita ce kuma kaɗai ta ke iya ɗaukar amfanin gona guda. Saboda haka ita ya kamata Hakimi ya fi ba ƙarfi. Iskar hunturu da ranar bazara sun ishi manomi, ba ya bukatar sayen kome sai tabarma. Abin da ya rage shi ne gyara, gama yadda a ke shanya a wurare da yawa yana ɓata kayan.

Kowa ya ga barkono a baje a gefen kwalta ko a kan tsurar ƙasa. Ƙura da hayaƙin mota su kan hau shi, awaki da kaji su bi ta kai, raɓa ta jiƙa shi da dare. Barkonon da ya bushe da rana ya jiƙe da dare ya kan yi fumfuna daga ciki, ko da bayansa na sheƙi. Wata irin fumfuna tana haifar da guba mai suna afalatoksin. An gano wannan guba a 1960, sa'ad da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗar da ta zo daga Birazil. Likitoci sun tabbatar tana kawo ciwon daji na hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Tana kama gyaɗa da masara, tana kuma kama busasshen barkono.

Shanya mai kyau ga yadda ta ke. A tsinki wanda ya nuna sosai, a ware mai rauni da mai tsutsa tun a gona. A tsaga tattasai da attarugu gida biyu, domin namansu na da kauri. A baje a kan tabarma ko buhu mai tsabta bisa rumfa ko gadon kara wanda ya ɗaga daga ƙasa, kada a tara shi da kauri. A riƙa juyawa sau biyu ko uku a yini, a kwashe kafin magariba, a sake bajewa da hantsi. Ya kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Alamar bushewa ita ce ya karye in an lanƙwasa shi, 'ya'yan kuma su yi ƙara in an girgiza. Wanda ke lanƙwasuwa kamar fata bai isa shiga buhu ba. Buhunan kuma a ɗora su a kan katako nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo.

Akwai wata mugunyar ɗabi'a da ya wajaba sarakunan kasuwa su sa wa ido, watau zuba rini cikin garin barkono domin ya yi ja. A 2005 an kwashe kayan abinci iri fiye da 400 daga kantunan Ingila saboda an sami wani rini mai suna Sudan I cikin garin barkonon da aka yi su da shi. Sunan rinin ne kawai, ba shi da dangantaka da ƙasar Sudan. Rinin masana'antu ne, an hana sa shi cikin abinci domin ana tuhumarsa da kawo ciwon daji. Kasuwar da aka kama da irin wannan algus, fatake su kan daɗe ba su koma mata ba.

Hanya ta biyu: jiƙawa cikin ruwan tsami

Busasshen barkono ya kan rasa yawancin bitamin C da ke cikinsa, kuma ba ya maye gurbin ɗanye a kowane abinci. Wanda ke son barkono mai kama da ɗanye a tsakiyar damina sai ya jiƙa shi cikin ruwan khal, watau binega, a kwalba. Wannan sana'a ce babba a waɗansu ƙasashe. Yajin kwalba na Tabasco, wanda a ke yi a Luwiziyana ta Amurka tun 1868, barkono ne da gishiri da khal kawai.

Sharaɗi na fari shi ne khal ya zama mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, kuma a ga an rubuta haka a jikin kwalbarsa. Ruwan tsamiya ba ya maye gurbinsa, domin ƙarfinsa ya kan bambanta daga jiƙo zuwa jiƙo, ba wanda zai iya auna shi da harshe. Ga awon da ya dace da barkono kilo 3: khal kofi 5, ruwa kofi 1, gishiri ƙaramin cokali 4, sukari babban cokali 2, da tafarnuwa ƙwaya 2. Wannan ya kan cika kwalba kamar 9 masu cin rabin lita.

A wanke barkonon, a cire hancinsa, a tsaga kowane ɗaya domin tsami ya shiga ciki. A dafa kwalabe cikin ruwa minti 10, a jera barkonon a ciki. A tafasa khal da sauran kayan, a tsame tafarnuwar, a zuba ruwan da zafinsa har ya rufe barkonon, a bar sarari kamar santimita 1 a wuyan kwalba. A goge bakin, a rufe. Sa'an nan a shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, a jera kwalaben, a zuba ruwan zafi har ya haura murafansu da yatsa biyu, a tafasa minti 15. A bakin teku minti 10 ya isa, amma garuruwa irin su Kano da Zariya da Jos suna kan tudu, ruwa ya kan tafasa a can kafin ya kai zafin da ya ke kaiwa a Ikko, don haka a ke ƙara lokaci. Bayan an sauke a bar su su huce har gobe. Murfin da ya kama ya kan lotsa ciki kaɗan, ba ya motsi in an danna. Wanda bai kama ba a cinye abin da ke ciki cikin 'yan kwanaki. Sauran a rubuta musu ranar da aka yi su, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi, a fara ci bayan wata guda, a gama kafin shekara.

Tukunyar dafa khal ta zama ta silba ko ta langa wadda ba ta ɓare ba. Tsami yana cin tukunyar ƙarfe da ta tagulla da irin wadda maƙera ke zubawa daga tarkace, ya kwaso abin da ke jikinsu ya zuba cikin abinci. Mai aikin kuma ya sa safar hannu ko leda, kada ya taɓa ido, a kuma nisantar da yara daga wurin.

Haɗarin kwalba

A nan ne ya kamata Hakimai su fi kasa kunne, gama kuskure cikin wannan aiki yana kisa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa, tana manne wa kayan lambu. Wani likita ɗan Beljiyam, Emile van Ermengem, shi ya gano ta bayan waɗansu mutane sun mutu a garin Ellezelles a 1895 sanadin cin nama mai gishiri. Cutar da ta ke kawowa ana kiranta botulizim. Muddin akwai iska ba ta yin kome, amma in aka rufe ta cikin kwalba ko ƙarƙashin mai, ga danshi, babu isasshen tsami, sai ta farka ta yi guba wadda ke cikin mafi ƙarfin guba da aka sani. Tafasa ta yau da kullum ba ta kashe irin wannan ƙwaya, sai zafin digiri 121 na tukunya mai matsi. Abin da ke hana ta tashi shi ne tsami. Masana suna da ma'aunin tsami da su ke kira pH, wanda ƙasa da 4.6 ƙwayar ba ta girma. Ɗanyen barkono yana sama da wannan iyaka, khal ne ke saukar da shi.

Wannan ya taɓa faruwa da barkono kansa. A 1977, a garin Pontiac na jihar Mishigan a Amurka, mutum 59 suka kwanta bayan sun ci yaji a wani gidan abinci. Da aka bincika sai aka tarar an yi yajin da barkonon da aka rufe cikin kwalabe a gida ba bisa ƙa'ida ba. Alamun cutar su kan fito tsakanin awa 12 da 36: ganin abu biyu-biyu, da faɗuwar fatar ido, da nauyin harshe, da wuyar haɗiya, daga nan numfashi ya gagara. Wanda aka ga haka gare shi a garzaya da shi babban asibiti nan take, tare da ragowar abincin da ya ci, a kuma nemo duk waɗanda suka ci tare da shi.

Saboda haka abu uku haramun ne ga mai wannan aiki. Kada a ƙara ruwa cikin khal domin ya yi auki. Kada a rufe ɗanyen barkono ko tafarnuwa cikin man gyaɗa a ajiye a ɗaki. Kada a ɗanɗana abin da ke cikin kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, ko ruwanta ya yi tsartuwa da aka buɗe. Gubar ba lalle ta yi wari ba. Irin wannan kwalba a binne ta da abin da ke cikinta inda dabba ba za ta tona ba. Rigakafi ya fi magani.

Hanya ta uku: jam

Jam shi ne 'ya'yan itace da aka dafa da sukari har suka yi kauri, a ke shafawa a burodi. Na barkono yana da zaƙi da tsami da yaji a haɗe, ana cinsa da gasasshen nama da kaza da masa da dankali. Barkono shi kaɗai ba ya daskarewa, domin ba shi da isasshen fektin, watau danƙon nan da ke sa jam ya kama. Abin farin ciki shi ne zoɓo yana da fektin da tsami duka biyu, ga shi kuma a kowace kasuwa.

Awon shi ne tattasai rabin kilo, attarugu giram 100, busasshen zoɓo cikin tafi biyu, sukari kilo 1, khal rabin lita. A wanke zoɓon, a jiƙa, a dafa har ya yi laushi. A cire 'ya'yan tattasai da attarugu, a jajjaga su tare da zoɓon. A zuba khal da sukari cikin tukunyar silba a kan wuta kaɗan har sukarin ya narke, sa'an nan a zuba jajjagen, a ƙara wuta, a riƙa motsawa da muciya kada ya kama. Ya kan ɗauki minti 30 zuwa 45. A yi aikin a tsakar gida, gama tururinsa na sa tari. Domin a san ya yi, a sanyaya faranti cikin ruwan randa, a goge, a ɗiga jam kaɗan a kai, a jira minti biyu, a tura da yatsa. In ya tattare ya yi, in ya malale a ƙara dahuwa. A zuba da zafinsa cikin dafaffun kwalabe, a rufe, a tafasa su cikin ruwa minti 10. Wannan awo ya kan ba da kwalba kamar 5 masu cin rubu'in lita. Kada a rage sukari don tsimi, domin shi ne ke tsare jam ɗin.

Amma fa Hakimi ya duba lissafin nan da kyau. Sukari kilo guda bai adana ko kilo guda na barkono ba. Manomin da ke da kwando ashirin ba zai tsira da jam ba, kuɗin sukari da kwalabe sai su cinye shi. Jam sana'a ce ta matan gida da ƙungiyoyinsu, waɗanda ke kusa da birni inda kantuna da gidajen abinci za su saya. Kada a yi shi da yawa sai an sami mai saye tukuna. Wanda kuma zai kai kayan kwalba kanti da suna a jiki, doka ta wajabta masa rajista da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da abinci da magunguna.

Aikin Hakimi da Malaminsa

Talaka ba ya canja hanyar da ya gada saboda takarda. Ya kan canja in ya ga maƙwabcinsa ya ci riba, gani ya kori ji. Don haka abin da ya fi amfani shi ne Hakimi ya sa a kafa rumfar shanya guda a ƙofar gidan Dagaci ko Sarkin Noma tun watan Disamba, a shanya kwando ɗaya a kanta, ɗaya a ƙasa yadda aka saba, a kai su duka biyu kasuwa a ga wanda dillalai za su fi taya wa.

Koyar da aikin kwalba kuwa kada a bar shi ga wanda ya ji a bakin wani. A nemi malamin gona na ƙaramar hukuma da malamar koyar da aikin gida, duba-gari kuma ya halarta. Masu neman ƙarin bayani suna iya tuntuɓar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya, wadda babban ofishinta ke Ilorin, tana kuma da reshe a Kano. A karanta wa mata awon khal da haramun ukun nan a fili, a maimaita, har su iya faɗa da ka.

Malamin Hakimi kuma ya buɗe shafi a littafinsa. Kowace ranar kasuwa ya rubuta kuɗin kwandon ɗanyen tattasai da na attarugu da na buhun busasshe, tun daga Janairu har Agusta. Ya kuma auna kwando nawa na ɗanye ke cika buhu guda na busasshe a gundumarsa. Da shekara ta kewayo, Hakimi zai iya tara Dagatai da masu unguwanni ya nuna musu da alƙalami abin da mai shanya ya samu da abin da mai gaggawar sayarwa ya rasa, a kasuwarsu, da kuɗinsu. Masu iya magana sun ce ajiya maganin wata rana. Ana roƙon Hakimai su sa a fara wannan rubutu daga ranar kasuwa ta farko a watan Janairu.